Ɗan Tsakon Barmini Ba Ya Kuskure

Duk layin ba wanda ya tuna sunansa na yanka. Barmini ake ce masa, domin ko agogonka ne ya tsaya, ko famfonka ke ɗiga, ko jaririnka ke shaƙuwa, kafin ka rufe baki ya miƙo hannu ya ce, "Bar mini!" Waɗanda suka bar masa kuwa har yau suna ba da labari. Shi ya gyara wa mai aski fanka, ta koma juyawa da baya tana zuƙe iska daga kan mutane. Shi ya gyara ƙararrawar gidan da ke kallon nasa, yanzu in an danna ta sai fitilar banɗaki ta kama. Sana'arsa ta ainihi sayar da ƙwan fitila da batir da 'yan wayoyi ce a ɗan shagon da ke manne da ƙofar gidansa, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya ƙera wutar lantarkin.

'Ya ɗaya Allah Ya ba shi, Lele, 'yar shekara biyar, mai manyan idanu da ƙarancin magana, halin da ba wajen ubanta ta gado shi ba. Uwarta ta sha zarya zuwa makarantar yara ta bayan layi har ƙafarta ta yi kanta kafin ta samo mata gurbi. Ajin ya cika maƙil, kujera ɗaya tak ta rage. Malama, shugabar makarantar, ta ce za ta riƙe wa Lele ita zuwa farkon wata, in ba a kawo ta ba akwai masu jira. Har an kai wa Tela maƙwabcinsu ɗinkin rigar makaranta, shuɗiya mai farar kwala.

Ana cikin haka mai sayen tarkace ya tsaya da baronsa a ƙofar shagon yana goge zufa. Idon Barmini ya faɗa kan wani akwatin roba ruwan toka, duk ƙura, an nannaɗe shi da waya.

"Wannan fa?"

"Gem ne na yara, irin na da can," in ji mai tarkace. "Ana haɗa shi da talabijin. Ga kaset ɗinsa guda, na koyon ƙirga da launi. Sai dai hannun nan da ake riƙewa ana dannawa, wayarsa..."

"Bar mini!"

"A'a, so nake in gaya maka, ɓera ya..."

"Bawan Allah, ni za ka koya wa waya? Da waya nake kwana, da waya nake tashi. Sauke mini shi."

Mai tarkace ya ɗaga kafaɗa, ya sauke, ya tura baronsa ya yi gaba. Barmini ya duba wayar hannun, ya ga wani wuri ya tattaune, ya haɗa bakin ya naɗe da baƙin salatif ba tare da ya leƙa ciki ba, ya ce an gama da wannan.

Ya shiga gida da akwatin a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Maman Lele na zaune a falo tana kallon shirinta na yamma, an zo daidai wurin da take jira tun jiya, sai ta ga talabijin ya yi ɗif.

"Baban Lele, lafiya?"

"Lafiya ta kawo haka. Matsa, ilimi ne zai shigo."

Ya durƙusa bayan talabijin, ya cire wannan ya soka wancan. Ya jona akwatin a bango. Sai ji aka yi tas! Wutar gidan ta ɗauke, ta ɗauke har da ta shagon Tela, domin wayar wutarsu ɗaya ce. Keken ɗinki ya tsaya a tsakiyar wuyan riga.

"Injiniya!" Muryar Tela ta tsallako katanga. "Kai ne ko masu wuta ne?"

"Gwaji nake!"

"Na san gwaji kake, ai ban ji an ce ka taɓa gamawa ba!"

Da aka dawo da wuta, talabijin ya kama yayyafi yana shuuu. Barmini ya tuna ya taɓa ganin masu irin wannan gem suna hura kaset kafin su saka. Ya zaro shi, ya cika kumatu, ya hura da ƙarfin da Allah Ya ba shi. Ƙurar shekara da shekaru ta taso ta rufe masa ido, har da ƙafar busasshen kyankyaso da ta maƙale masa a gashin baki. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Maman Lele ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Ya mayar da kaset ɗin, hoto ya fito amma yana gudu sama kamar guga a rijiya. Ya ɗirka wa talabijin mari a gefe. Sai ga kiɗa, tilin-tilin, sai ga wani ɗan tsako rawaya sanye da jar hula yana ɗaga musu fiffike.

Kifaye uku suka fito, ga lambobi jere a ƙasa. Barmini ya damƙi hannun gem ya danna abin da yatsansa ya fara tararwa. Wata 'yar kibiya ta tafi tsaf ta tsaya kan lamba uku. Kiɗa ya tashi, ɗan tsako ya cashe.

"Kin gani?" ya ce, yana huci. "Tun ban gama tunani ba yatsana ya riga ni!"

Jar ƙwallo ta fito, ya danna, ta faɗa jan kwando. Tauraro ya fito, ya danna, ya shige ramin tauraro. Ayaba biyar, kibiya ta je kan biyar. Ba kuskure ko ɗaya. Daga nan hoton ya yi baƙi, ɗan tsako ya sake fitowa da kifayensa uku. A ƙasa wani rubutu na ta ƙiftawa cikin harshen da ba mai jinsa a gidan, Barmini ya ce ma'anarsa sannu da ƙoƙari.

Ya kira Lele ya ɗora mata hannun a cinya. Yarinya ta danna da ɗan yatsanta, kibiya ta je kan uku. Ta danna, ƙwallo ta faɗa kwando. Wayyo, zo ka ga Barmini! Ya yi tsalle, ya tafa har tafinsa ya yi ja, ya ɗaga ta sama yana juyi da ita. Lele ta dube shi da manyan idanun nan nata, ta yi murmushi. Rabon da ya zauna da ita haka, ba rediyon wani a hannunsa, ita kanta ba ta tuna ba.

Washegari da safe ya yanke hukunci: Lele ba za ta je makaranta ba.

Maman Lele ta ajiye tsintsiya. "Baban Lele, kujerar nan da ƙyar na same ta."

"Kujera! Ilimi ya biyo mu har falo kina zancen kujera? A can yara cunkushe, malama ɗaya, alli ɗaya. A nan malami ɗaya, ɗaliba ɗaya, kuma malamin ba ya gajiya, ba ya zuwa biki, ba ya ciwon kai."

"Ni fa kifin nan uku na gani jiya, uku na gani yau."

"To so kike su haihu kafin gari ya waye?"

"Ƙwallon ma ja ce kullum."

"Maimaici ne. Haka manyan makarantu ke yi. Ke dai bar mini."

Ta bar masa, amma ba ta je ta karɓo yadinta daga wajen Tela ba. Tela kuwa ya gama rigar ya rataye ta a ƙusa a bakin shagonsa. Sau da yawa Barmini kan hango Lele tsaye a gabanta, hannu a baya, tana kallo. Ya kan ce a ransa, dubi ikon Allah, yarinyar nan maɓallai take ƙirgawa.

Labari bai kwana ba, domin Barmini bai bar shi ya kwana ba. Duk wanda ya zo sayen batir sai ya ji cewa an haifi mai ƙwaƙwalwar zamani a layin. Tela ya gaji da ji, ya ajiye almakashi ya jawo ɗansa, wani ɗan lukuti da har yau takalmin dama a ƙafar hagu yake sa shi.

"Injiniya, ga nawa. In injinka ya sa wannan ya ƙirga kifi, na yarda."

Barmini ya dake. Ya hura kaset, ya saka, ya miƙa wa yaron hannun gem. Yaro ya danna da tafin hannu gaba ɗaya yana lasar majina. Kibiya ta je kan uku. Ƙwallo ta faɗa kwando. Tauraro ya shige raminsa. Ayaba biyar cif.

Barmini ya ɗan ji haushi, don ya so a ce Lele ce kaɗai. Amma nan take ya juya zancen. "Ka gani? Zama ɗaya! Ka kawo mini kabewa, ga shi na mayar maka da mutum."

Tela ya buɗe baki zai yi magana. Akwai abin da ya tsaya masa a rai. Amma ya dubi ɗansa, yaron da ba a taɓa yabo ba tun da ya zo duniya, sai ya rufe bakin. Ya shafa kan yaron ya ce, "Dama wajena ya gado, ba a dai lura ba ne."

Da yamma sai ga shi ya dawo riƙe da hannun tsohuwarsa, Inna, wadda idanunta suka yi hazo har ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Aka zaunar da ita, ta riƙe hannun gem a kife, wayar na kallon cikinta.

Tilin-tilin! Ɗan tsako ya cashe.

"Ni me na yi?" in ji Inna.

"Kin ƙirga kifi, Inna," in ji Barmini.

"Wane kifi? Ni ban ga kifi ba, ɗan nan. Wani abu dai nake gani kamar takalma."

"Ba komai, Inna. Wannan ilimin ta hannu yake shiga, ba ta ido ba."

To fa! Tun daga ranar aka shiga layi. Kowace uwa ta kawo nata, kowane yaro ya cinye, kowace uwa ta koma gida tana taku ɗaiɗai. Wa zai tsaya bincike alhali ɗansa ne ke cinyewa? Kafin a jima yara sun fara fashin makaranta da yardar iyayensu. Da safe sai ka ga takalma tuli a ƙofar falon Maman Lele. Barmini ya rufe shago, ya samo wani tabarau marar gilashi ya maƙala, ya kafa doka cewa kowane ɗalibi sai ya hura kaset kafin ya zauna, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Kaset ya jiƙe sharkaf da miyau. Wani yaro ya tsula fitsari a kan shimfiɗar falo don tsoron kar a ci masa layi. Wata ta cusa ɗan yatsa a bayan akwatin ya maƙale, sai da aka sa sabulu. Maman Lele ba ta sake ganin shirinta ba, ga wanki, ga shara, ga ciwon kai. Ta daina magana, kuma duk wanda ya san ta ya san shirunta ya fi faɗanta.

Ranar nan da hantsi aka yi sallama. Malama ce, da jakarta a hammata. Ta tsallake takalma ta tsaya a ƙofar falo, ta dubi yaran ajinta zube a ƙasa. Wasu yaran suka shige bayan kujera.

"Malam, sannu da aiki. Na ga kujeruna sun yi sanyi ne, na ce bari in biyo sawu."

Barmini ya gyara tabarau. "Sannu da zuwa, abokiyar aiki."

Malama ta haɗiye wannan. "Kuma wata ya kusa ƙarewa, ban ga Lele ba. Akwai uwar da ke zuwa mini kullum tana roƙon kujerar nan."

"Malama, ba raini ba, a ajinki yara na yin kuskure?"

"Kullum. Shi ya sa suke zuwa."

"To ni a nan ba a taɓa yi ba. Ko ɗaya! Har tsohuwa mai hazo a ido."

"Ikon Allah. Ko zan iya gani?"

Da ya bari ta gani a nan cikin ɗaki, da abin ya tsaya tsakaninsu. Ina! Barmini ba ya cin nasara a ɓoye. "Ba a nan ba. Ranar Asabar, a bakin titi, gaban kowa. Kuma ga sharaɗi, jama'a su shaida: in Lele ta kuskure ko ɗaya, da kaina zan saɓa ta a wuya in kai miki. In ta cinye duka, ki ba da kujerar ga wanda kika ga dama."

A kicin murfin tukunya ya kuɓuce wa Maman Lele ya faɗi ƙasa, ya yi ta juyi kafin ya kwanta.

"Ka tabbata, Malam?" in ji Malama.

"Na taɓa faɗin abin da ban tabbatar ba?"

Tela, da ke leƙe ta taga, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baki dai shi ke yanka wuya."

Lele na zaune a gefe da hannun gem a cinya. Ba wanda ya tambaye ta.

Asabar ta zo, layi ya cika. Har mutanen bayan layi sun zo, wasu da kujerunsu. Barmini ya fito da tebur, ya ɗora talabijin, ya jona waya da waya da waya tun daga falo har titi. Ya kunna, rana ta haske gilashin, ba a ganin komai sai fuskokin 'yan kallo. Ya sa mai aski ya riƙe lema, iska ta juye lemar. Wani mai keke ya zo wucewa ya kwashi wayar da taya, saura ƙiris talabijin ya bi shi. A ƙarshe dole aka ja teburin zuwa inuwar rumfar Tela, daidai ƙarƙashin ƙusar da shuɗiyar rigar nan ke rataye.

Barmini ya hau benci ya yi jawabi. Ya ce zamanin alli ya wuce. Ya ce nan gaba kaɗan za a zo daga nesa a tambayi gidansa. Ya ce shi ba ya son yabo, amma gaskiya ko ba daɗi sai an faɗe ta. Da ya ga Inna ta fara gyangyaɗi, ya sauko, ya ɗaga kaset sama kowa ya gani, ya hura shi dama da hagu, ya saka.

Tilin-tilin. Ɗan tsako ya ɗaga fiffike.

Aka zaunar da Lele a kan 'yar kujera, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Malama na gefe da jakarta. Maman Lele na tsaye a bakin ƙofa, ta naɗe hannu a ƙirji.

Kifaye suka fito. Kibiya ta je kan uku. Jama'a suka ɗauki tafi.

"Ɗaya kenan!" in ji Barmini.

Ƙwallo ta faɗa kwando. Aka sake tafi. Barmini ya dubi Malama ya ɗaga gira.

Lele ta ɗaga kai ta dubi rigar da ke lilo a saman talabijin. Ta juya ta dubi uwarta. Sannan ta dubi ubanta, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta sunkuya a hankali ta ajiye hannun gem a ƙasa, ta naɗe hannuwanta irin na uwarta.

Tauraro ya taso shi kaɗai, ya tafi tsaf, ya shige raminsa. Ɗan tsako ya cashe.

Tafin ya fara, ya mutu a hanya. Bakin Barmini ya riga hankalinsa. "Jama'a, kun gani? Ta wuce matakin hannu! Da ido take yi yanzu!"

Wasu suka ce, "Ikon Allah!" Wata ma ta rangaɗa guɗa.

Lele ta sa tafukanta ta rufe idanunta ruf.

Ayaba ta fito. Kibiya ta je kan biyar.

"Da zuciya!" Barmini ya yi ihu, muryarsa ta sirance. "Da zuciya take yi! Wannan shi ne matakin ƙarshe!"

Lele ta zamo daga kujera, ta ratsa mutane, ta je ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Kujera ta zauna ba kowa. Hoto ya yi baƙi, ɗan tsako ya dawo, ya ɗaga wa kujerar fiffike, ya ƙirga mata kifi uku, ya yi mata rawa.

Tsit kake ji, sai tilin-tilin.

Tela ya sunkuya ya ɗauki hannun gem. Ya ɗan ja wayar, salatif ya saki, ta rabu biyu a hannunsa. Ya ɗaga bakin ya duba. "Injiniya, wayoyin nan ai ko gaisawa ba su taɓa yi ba a ciki." Ya tsallaka titi da hannun, ya tsaya can gefen kwata yana dannawa. "Ƙwallo ta shiga? To ku tafa mini, daga nan nake yi!"

Inna ta farka. "Ni dai tun farko na ce ban ga kifi ba."

Wohoho! Dariya ta ɓarke kamar an fasa madatsa. Mai aski ya zauna a ƙasa riƙe da ciki. Mai keken nan da ya tsaya kallo ya faɗi da kekensa. Iyayen da suka hana yaransu makaranta kuwa dariyarsu ba ta yi tsawo ba, kowace ta fara laluben kunnen ɗanta tana harare-harare. Wata ta ce, "Ni da har na aika wa dangin ubansa cewa ya fara lissafi!" Kamar an aiko shi, sai ga mai tarkace da baronsa, ya leƙo ta kafaɗun mutane. "Af, gem ɗin nan ne? Ai na so in gaya maka ɓera ya cinye wayar. In ba a danna masa komai ba haka yake yi, ya yi ta wasa da kansa yana jiran mai zuwa."

"Bar mini!" Barmini ya daka tsalle ya fizge kaset alhali injin na kunne, ya hura, ya danna shi ciki da gwiwar hannu. Hoton ya daskare. Ɗan tsako ya tsaya cak da baki a buɗe, ƙafa ɗaya a sama, injin ya kama wani dogon kuka, tiiiii, wanda bai tsaya ba sai da Maman Lele ta shiga falo ta zare wayar daga bango.

Barmini ya tsaya da tabarau a karkace. Kunya ta kama shi, irin wadda mutum ke neman ƙasa ta tsage. Amma ba dariyar ce ta fi ci masa rai ba. Ya ratsa mutane ya je ya tsuguna gaban 'yarsa.

"Lele, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko. Na je shan ruwa, na dawo na tarar ya sa tauraro."

"To me ya hana ki gaya mini?"

Ta murza gefen rigarta. "Kana tafa mini, Baba."

Idanun Barmini suka yi zafi, kuma ba ƙurar kaset ba ce.

Malama ta matso, ta gyara jakarta. Ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta na motsi. "To, Malam, sharaɗi sharaɗi ne, kuma jama'a sun shaida. An ƙirga kifi, an sa ƙwallo, an sa tauraro, an ƙirga ayaba. Ban ga kuskure ko ɗaya ba. In ka tsaya a kan cewa Lele ce ta yi, ka ci, in je in ba wa waccan matar kujera."

Ga ƙofa an buɗe wa Barmini. Zai iya miƙewa ya ce ya ci, kuma wallahi harshensa har ya fara motsi, don ya saba. Ya dubi Lele. Ita ba shi take kallo ba, rigar take kallo.

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Ban ji ba, Malam."

"Na ce ba ita ba ce! Ba kowa ba ne! Tsakon banza ne ke wasa da kansa, ni kuma na tara masa jama'a." Ya cire tabarau ya cusa a aljihu. "Malama, don Allah, kujerar nan ta Lele... bar mata."

Tela ya dafe ƙirji. "Jama'a, ku riƙe ni. Tun da nake da mutumin nan ban taɓa jin ya ce a bar wa wani ba." Ya miƙa hannu ya sauko da rigar daga ƙusa, ya karkaɗe ta, ya miƙa wa Lele. Ta rungume ta har da fuska.

Ranar Litinin Barmini ya saɓa ta a wuya ya bi ta tsakiyar layi, yana amsa gaisuwar masu ce masa "Injiniya, ya ɗan tsako?" da cewa dama gwaji ne, kuma gwajin ya nuna abin da yake nema. Ya sauke ta a ƙofar aji. Maimakon ya koma shago, sai ya zagaya ya laɓe a bayan taga.

Malama ta zana kifaye huɗu a allo. "Wa zai ƙirga mana?"

Lele ta ɗaga hannu, ta miƙe cikin shuɗiyar rigarta, ta ce da ƙarfi, "Uku!"

"A'a, Lele. Zo ki taɓa su ɗaya bayan ɗaya mu gani."

Sai aka ji tafi daga taga, raf-raf-raf, kamar za a tsaga tafin hannu. Yara suka juya gaba ɗaya. Mai gadi ya taho da gudu ya kama shi ta hannun riga.

"Malam, lafiya? Ai ba ta faɗa daidai ba!"

"Na sani," in ji Barmini, yana ci gaba da tafi ana jan sa zuwa ƙofa. "Amma ita ta faɗa."